Sabuwar fawa saflai mai wayoyin cirewa: a bar tsofaffin wayoyi ko a zare su?

Tambaya: Na ƙara katin girafik a kwamfutata ta tebur, don haka na sayi sabuwar fawa saflai, wato akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, mai wat 750, irin wadda ake cire wayoyinta a mayar, za ta maye gurbin tsohuwa mai wat 550. Tsohuwar ma ana cire wayoyinta, kuma wanda ya haɗa mini kwamfutar ya shirya su tsaf a bayan kes. Zan iya zare tsohuwar kawai in soka waɗannan wayoyin a jikin sabuwar? Fankarta kuma sama za ta kalla ko ƙasa? Me ya kamata in kiyaye?

Amsa:

A'a malam, kada ka bar ko waya ɗaya ta tsohuwar. Na san abin da ke ranka: an ɗaure su da kyau, kuma idan ka gwada za ka ga bakinsu ya shige ramin sabuwar fawar daram. Nan haɗarin yake. Kama da wane ba wane ba ce.

Kowace waya a nan bakuna biyu gare ta. Bakin da ke shiga madabod (babban allon da komai ke haɗuwa a kansa) ko katin girafik ko hadis (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) yana da ƙa'ida ɗaya a duk duniya, wadda ta samo asali daga tsarin ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995. Ko wane kamfani ya ƙera fawar, fil kaza a wannan bakin bolt 12 yake ɗauka, fil kaza bolt 5, fil kaza kuma na ƙasa ne, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa. Amma ɗaya bakin, wanda ke shiga jikin fawar kanta, babu wata ƙa'ida da ta ɗaure kowa a kansa. Kowane kamfani yadda ya ga dama yake jera layukansa. Har a cikin kamfani ɗaya ana samun bambanci, domin da yawa daga masu sunan da kake gani a jikin kwali ba su ne ke ƙera fawar ba. Masana'antu irin su Seasonic da FSP da Channel Well da Great Wall da Super Flower ne ke yi musu, kuma samfurin bana zai iya fitowa daga masana'antar da ba ita ta yi na bara ba. Corsair ma da kanta ta kasa wayoyinta gida-gida, akwai Type 3 da Type 4 da Type 5, har da jadawalin da ke nuna wace waya ce ta dace da wace fawa.

Ɗauki wayar SATA, wadda ke ba hadis da SSD wuta. A jikin fawa yawanci bakinta mai fil shida ne, a ciki akwai bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3 da na ƙasa. Idan jerin sabuwar fawar ya saɓa da na tsohuwar wayar, bolt 12 zai iya bi ta layin da hadis ke tsammanin bolt 5. Da ka danna makunni shi ke nan, sai ɗan ƙauri, wani lokaci ma ko ƙaurin ba za ka ji ba. Kuma kariyar da ke cikin fawar ba lallai ta tsayar da wannan ba, domin a wurinta ba wani laifi aka yi ba, wuta aka nema ta bayar. Madabod da kati ana sayen wasu. Aikin da ke kan hadis kuwa, in ba ka da kwafinsa a wani wuri, ceto shi sai an yi da gaske. Don haka ka kwance duk ɗaurin nan, ka tattara tsofaffin wayoyin a leda ɗaya tare da tsohuwar fawar, ka rubuta sunanta a jiki. Na sabuwar da suka rage su ma ka adana su a jakarsu, kada su gauraya, domin ran da ka ƙara hadis ko ka sauya kati su za ka nema. Wayar da ke zuwa bango kaɗai ce ake iya musanyawa, ita ma na fi son a yi amfani da wadda ta zo a kwali, saboda akwai masu arha a kasuwa da jan ƙarfen cikinsu siriri ne ƙwarai.

Kafin ka kwance komai, ka tabbatar sabuwar za ta zauna a kes ɗin. Fawar ATX faɗinta milimita 150 ne, tsayinta 86, wannan ba ya sauyawa. Zurfinta ne ke bambanta, daga 140 har zuwa 180 ko fiye a manyan, sannan bakunan wayoyin da ke fitowa daga gabanta suna cin wani wurin. A kes da yawa akwai kejin hadis daidai gaban mazaunin fawa, in wuri ya matse ana iya matsar da shi ko a cire shi. Tunda tsohuwarka mai wayoyin cirewa ce, da alama kwamfutar haɗin hannu ce, ba ka da matsala. Amma saboda sauran masu karatu zan faɗi wannan: yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da ake shigo da su na hannu, musamman ƙananan, ba sa bin tsarin ATX. Madabod ɗinsu na da baki nasa na daban, mai fil shida ko takwas ko makamancin haka a madadin 24, kuma siffar fawar ma daban ce. Mai irin wannan kada ya sayi fawar ATX sai ya buɗe ya ƙirga fil ɗin da idonsa.

To, aikin kansa. Ka kashe kwamfuta, ka kashe makunnin bayan fawa, ka zare wayar bango, sannan ka danne makunnin gaban kes na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta zube. Ɗauki hoton cikin kes da wayarka ta hannu kafin ka zare komai, zai yi maka amfani. In lokacin hunturu ne, iska a bushe, jiki yana tara wutar nan da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙarfe, to ka riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka kai hannu kan bod. Kowane baki yana da 'yar ƙugiya da ke riƙe shi, sai ka danne ta kafin ka ja, kuma robar bakin za ka kama, ba wayar ba. Na fil 24, wato na madabod, yana da taurin kai, ka riƙa girgiza shi a hankali hagu da dama, ɗaya hannun yana tallafe bod ɗin. Daga nan sukurori huɗu ne a bayan kes, ka kwance, fawar ta fito. Abu ɗaya da ba a yi: buɗe murfin fawar, tsohuwa ko sabuwa. Manyan kafasitocin da ke ciki suna aiki a kan wajen bolt 400, kuma suna iya riƙe wuta bayan an zare ta daga bango. Ko ƙura za ka share, daga waje za ka hura.

Shawarata ita ce ka soka wayoyin da kake buƙata a jikin sabuwar fawar tun tana kan tebur. Kes na zamani suna da rufi a kan mazaunin fawa, da zarar ta shiga ba ka ganin ramukan, ba ka iya karanta rubutun da ke kansu, sai laluben duhu. Zauna ka ƙirga abin da kwamfutar ke nema: ta madabod ɗaya, ta furosesa ɗaya ko biyu, ta katin girafik gwargwadon ramukan da ke jikinsa, ta SATA in akwai hadis ko SSD mai waya. Masu SSD irin na M.2 da ke kwanciya a kan bod ba sa buƙatar waya ko kaɗan. Amfanin irin wannan fawa ke nan, abin da ba ka buƙata ba ya shiga kes ya tare iska. Wayar fil 24 sau da yawa a ɓangaren fawa ta rabu gida biyu, misali 18 da 10, kuma dole duka biyun su shiga. Mutane kan soka babban su manta ƙaramin, su ce fawa ba ta aiki. Haka kuma wayoyin ba a juya su. Bakin da aka rubuta PSU a jikinsa shi ke shiga fawa, wanda aka rubuta CPU ko PCI-E shi ke tafiya wurin kayan.

Batun fanka ya dogara da kes ɗinka. In mazaunin fawa a ƙasa yake kuma akwai ramukan iska a gindin kes, fankar ta kalli ƙasa. Ta haka za ta shaƙi iskar waje mai ɗan sanyi ta fitar da ita ta baya, ba ruwanta da zafin katin girafik. Sharaɗin shi ne kes ɗin yana kan abu mai tauri, tebur ko katako ko tayil. In a kan kafet ko darduma yake, ƙafafunsa sun nutse, to ka toshe mata hanci. In kuma gindin kes ɗin a rufe yake ba rami, fankar ta kalli sama. Tsofaffin kes masu mazaunin fawa a can sama, fankar ƙasa take kallo, wato cikin kes. A ƙasashenmu akwai ƙarin abin lura. Fankar da ke kallon ƙasa ita ke fara cin ƙurar ɗaki, kuma wanda ya ga hazon hunturu a Kano ko Damagaram ya san abin da nake nufi. Yawancin kes na da ragar tace ƙura a gindi da ake zarewa, ka riƙa wanke ta kana busarwa akai-akai, kuma ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa ko da a kan ɗan benci ne. Ragar da ta toshe a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, ita ke sa fawa ta tsufa da wuri. Idan ka daidaita ta, ka kama sukurori huɗun da hannu tukuna, sannan ka ɗaure da sukundireba. Ka yi amfani da waɗanda suka zo da ita, domin sukuru mai tsawo zai iya shiga ciki ya taɓa abin da bai kamata ba.

Wajen soka wayoyi, fara da ta furosesa. Raminta yana can saman bod ta hagu, wuri mai matsi, kuma in akwai babban abin sanyaya furosesa sai hannu ya sha wuya. Ka bi da ita ta bayan farantin da bod ke kai ta fito ta ramin sama. A nan ne ake yin kuskure na biyu mafi tsada. Wayar furosesa da ta katin girafik duka masu fil takwas ne, amma ba ɗaya suke ba: ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, ta kati tana rabuwa 6 da 2, kuma layukan bolt 12 da na ƙasa a juye suke tsakaninsu. An yi siffar ramukan yadda ɗaya ba zai shiga na ɗaya ba, sai dai roba ce, mai ƙarfin hannu yana iya tura ta. Duk bakin da ya ƙi shiga da matsakaicin dannawa, tsaya ka duba rubutunsa. Abin da ke rikita mutane shi ne a jikin wasu fawa ramukan biyu a haɗe suke, an rubuta CPU/PCI-E a kansu. Wannan ba laifi, kowace waya ta san yadda take jera layukanta. A ɓangaren kayan ne ba a musanya su. In bod ɗinka na da rami na biyu na furosesa, 4 ko 8, yawancin furosesa matsakaita suna aiki lafiya da na farkon kaɗai, amma in wayar tana nan soka ta ba ya cutarwa.

Sai ta fil 24. Ka tallafi bod, ka danna har ƙugiya ta kama, ka duba ta gefe ko akwai 'yar tazara tsakanin robobin biyu. Bai kamata a ga komai ba.

Katin girafik ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, tunda shi ya jawo wannan sauyi. Ramin da kati ke zama a kan bod yana ba da wat 75, baki mai fil shida yana ƙara 75, mai fil takwas kuma 150. Wayoyi da yawa suna zuwa da bakuna biyu a jikin waya ɗaya, ɗaya na reto a bayan ɗaya. Ga kati mai rami ɗaya, kamar yawancin RTX 3060 mai cin wat 170, ba damuwa, ka soka na farko ka ɗaure na biyun gefe. Amma kati mai ramuka biyu ko uku da ke cin wuta sosai, ka ba kowane rami wayarsa daga jikin fawa. Da mai wat 750 yawanci za ka samu biyu a kwali. Waya ɗaya da aka ɗora wa duk nauyin tana ɗumi, wuta na raguwa a hanya, kuma kati na iya kashe kwamfuta daidai lokacin da aiki ya yi nauyi. In kuwa katinka na sababbin Nvidia ne masu ƙaramin baki mai fil 16, wanda aka yi don ɗaukar har wat 600, to ka ninka kula. Bayan fitowar RTX 4090 a 2022 an samu rahotannin bakunan da suka narke, kuma babban dalilin da aka gano shi ne rashin shigar bakin har ƙarshe. Shi ya sa daga baya aka gyara fasalinsa zuwa wanda ake kira 12V-2x6. Ka tura shi har ya ƙule, kada ka lanƙwasa wayar dab da bakin, ka bar mata kamar santimita uku zuwa huɗu a miƙe, kuma ka lura kada murfin gefen kes ya danne ta idan ka rufe. In fawar ta zo da wayar wannan baki tata, ita ta fi adaftar da ke cikin kwalin kati.

Na SATA ba su da wahala, bakin yana da siffar L, hanya ɗaya yake shiga. Robar jikin hadis ce ba ta da ƙwari, kada ka bar waya tana jan ta ƙasa. Kada ka manta da ƙananan abubuwan da ke cin wuta ta SATA, kamar akwatin da ke tara fankoki ko famfon sanyaya furosesa na ruwa. In ka manta da na famfo, kwamfuta za ta tashi amma zafi zai hau nan take.

Kada ka ɗaure wayoyi ko ka rufe kes sai ka gwada. Soka wayar bango, kunna makunnin baya zuwa alamar I, danna na gaba. In fankar fawar ba ta juya ba kada hankalinka ya tashi, da yawa daga na zamani ba sa juya fanka sai nauyi ya kai wani mataki, wasu ma da maɓalli a baya na zaɓar hakan. Ni dai a yanayin zafinmu na fi son a bar ta tana juyawa kullum in akwai zaɓin. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake buɗewa yayin da kwamfuta ke tashi, ka duba ko ana ganin duk hadis ɗinka, ka kuma duba layin bolt 12, ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6. In kwamfutar ba ta motsa ba sam, koma kan fil 24 ta ɓangarorin biyu, sannan ƙananan wayoyin makunnin gaba, waɗanda hannu kan fizge ba a sani ba. In fankoki na juyawa amma allo baƙi, yawanci wayar furosesa ce ko ta kati, ko kuma an soka wayar allo a jikin bod maimakon kati. In ta tashi ta mutu nan take, kashe ta daga baya ka sake bin kowace waya, kada ka yi ta dannawa. Akwai gwajin da ake yi wa fawa ita kaɗai ta hanyar haɗa fil na 16 na wayar fil 24 da na ƙasa, amma da yake yawancin wayoyin yanzu baƙaƙe ne, babu koren da ake ganewa da shi a da, na fi so ka yi amfani da ɗan murfin gwaji da wasu kamfanoni ke sakawa a kwali, ko ka kai wa mai gyara.

Saura wutar bango, wadda a wurinmu ita ke kashe fawa fiye da komai. Najeriya da Nijar duka a kan wajen bolt 230 suke. Fawar zamani mai kyau tana karɓar daga 100 zuwa 240 da kanta, za ka ga an rubuta a jikinta. Amma in ka ga ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, kamar yadda ake samu a tsofaffi da na hannu da suka fito daga Amurka, ka tabbatar yana kan 230 kafin ka kusanci soket. In yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji. Wannan faɗin na 100 zuwa 240 yana taimakawa idan wuta ta yi ƙasa, amma ba ya kare ka daga bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da Nepa ko aka juya zuwa janareta, don haka UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta, ba ado ba ce. Wajen sayenta ka kula da abu biyu. Lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: mai VA 650 yawanci abin da take iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, kuma kwamfuta mai babban kati tana iya wuce haka idan tana aiki. Na biyu, fawa irin taka ta fi jituwa da UPS ko inbata mai fitar da wuta mai santsi irin ta Nepa. Masu arha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle kan sa wasu fawa su yi ƙugi ko su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. In kana kan sola, kada lambar 750 ta tsorata ka. Iyakar abin da za ta iya bayarwa ke nan, ba abin da take sha kullum ba. Kwamfuta na zaune ba aiki za ta iya shan ƙasa da wat 100. Tambarin 80 Plus, ko Bronze ko Gold, shi ma ƙarancin asarar wuta yake nunawa, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne.

In bayan ka gama ka taɓa ƙarfen kes ka ji yana ɗan jan ka, ba lallai fawar ce ta lalace ba. A cikinta akwai ƙananan kafasitoci masu tace hayaniyar wuta da ke zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin ƙarfe, wayar ating ce ke kwashe ta zuwa ƙasa. Gidaje da shaguna da yawa ba a ja musu wannan waya ba, ko kuma an yi amfani da abin ƙarin soket mai layi biyu kacal, ko an karye fil na uku don filogi ya shiga. Ka fara sauya abin ƙarin soket ɗin da mai layi uku na gaske. In jan bai daina ba, kira mai aikin wuta ya auna soket ɗin ya kafa maka ating, kuma kafin ya zo ka riƙa zare wayar bango duk lokacin da za ka soka wayar allo ko ta firinta.